Daga Kejin Teku zuwa Faranti: Iyakar Amincin Kifin Kiwo wajen Haɗa Sushi da Sashimi

Tsakure

Wannan maƙala tana duba hujjar da aka dogara da ita wajen yarda a ci wasu kifayen teku na kiwo ɗanye ba tare da an fara daskarar da su ba. Matsayinta shi ne amincin irin wannan kifi ya rataya a kan abubuwa uku da za a iya bincikawa: inda ɗan kifin ya fito, abin da aka ciyar da shi, da ruwan da ya girma a ciki. Ko an cika ukun nan, haɗari guda aka kawar daga cikin haɗura da dama. An ɗauko misalai daga Japan da Norway, da kuma dokokin Tarayyar Turai da na Amurka.

Gabatarwa

Sashimi yankan ɗanyen kifi ne da ake ci da ruwan waken suya mai gishiri, wato shoyu, da ɗan yajin wasabi. Sushi kuwa shinkafa ce da aka gauraya da ruwan khal da gishiri da sukari, a ɗora mata kifi ko a naɗe shi a ciki. Mutane da yawa sun ɗauka tun fil azal ɗanyen kifi ake ɗorawa, alhali sushi ya faro ne a matsayin dabarar adana kifi cikin gishiri da shinkafa har ya yi tsami, kamar funazushi da har yau ake yi a yankin tafkin Biwa. Ko lokacin da Hanaya Yohei da tsararrakinsa suka yaɗa dunƙulen shinkafa mai kifi a birnin Edo na Japan a shekarun 1820, babu firji, saboda haka ana jiƙa kifin tuna cikin shoyu, a tsuma kifin kohada da gishiri da khal, a dafa kifin anago. Ƙanƙara da firji na ƙarni na 20 ne suka buɗe ƙofar cin ɗanye a kowace unguwa, kiwo kuma ya zo ya cika faranti. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana cewa a 2022, karo na farko, dabbobin ruwa na kiwo sun zarce waɗanda aka kamo yawa, inda suka kai kashi 51 cikin ɗari. A gidajen sushi masu rahusa na Japan, kifayen salmon da hamachi da madai galibinsu na kiwo ne. Daga nan ne wata fahimta ta bazu tsakanin masu dafa abinci da masu saye, cewa duk kifin da ya fito daga gonar teku an gama da batun tsutsarsa. Wannan fahimta tana da tushe na gaskiya, kuma tushen ne ya sa take da haɗari idan aka miƙe ta fiye da inda hujja ta tsaya.

Tsutsar Anisakis da dalilin sassauci

Babbar fargabar mai cin ɗanyen kifin teku ita ce tsutsar Anisakis, fara siririya kamar zare, mai tsawon santimita 2 zuwa 3. Tana balaga ne a cikin dabbobin teku masu shayarwa, irin su wel da dolfin. Ƙwanta yana fita cikin kashinsu, ƙananan jatan lande da ake kira kiril su haɗiye 'ya'yanta, ƙaramin kifi ya ci kiril, babba ya ci ƙarami, tsutsar tana hawa daga ciki zuwa ciki. Yawanci a kayan cikin kifi take zama, amma bayan kifin ya mutu, musamman idan ya ɗan yi ɗumi, takan ratsa zuwa tsoka. Idan mutum ya haɗiye ta da rai, sai ta kafa kai a bangon tumbinsa, bayan 'yan sa'o'i ciwon ciki mai tsanani da amai su taso, kuma sau da yawa sai likita ya zura na'urar leƙa ciki ya cire ta. A Holan aka fara bayyana cutar a 1960 daga cin kifin herin mai ɗan gishiri. Ma'aikatar lafiya ta Japan ta rubuta aukuwa 468 a 2018, shekarar da tsutsar ta zama kan gaba a yawan aukuwar gubar abinci a ƙasar, sannan 566 a 2022. Waɗannan su ne waɗanda aka kai rahoto. Wani nazari da ya bi bayanan inshorar lafiya na 2018 da 2019 ya ƙiyasta kusan mutum 20,000 a shekara. Gishiri da khal da shoyu da wasabi, a gwargwadon da ake sa su a abinci, ba sa kashe ta. Zafi ko sanyi mai tsanani ne kawai ke yi.

Wanda ya fahimci wannan zagaye zai ga inda kiwo ya shigo. Hanyar tsutsar ɗaya ce, ta baki. Kifin da aka ƙyanƙyashe a tanki, aka raine shi da dunƙulen abincin kamfani wanda aka gasa da zafi, bai taɓa haɗiyar kiril ko ɗanyen kifi ba, don haka babu ta inda za ta shige shi. Salmon na Norway shi ne shaidar da ta fi ƙarfi. A da Japanawa ba sa cin salmon ɗanye, domin na tekunsu yana ɗauke da tsutsa, sai dai a gasa ko a sa masa gishiri. Norway, wadda wasu 'yan'uwa biyu na gidan Grøntvedt suka fara kiwon salmon a kejin teku a tsibirinta na Hitra a 1970, ta ƙaddamar da shirin tallata kifinta a Japan a 1986, kuma a farkon shekarun 1990 kamfanin Nichirei na Japan ya karɓi tan 5,000 bisa sharaɗin a sayar da shi don sushi. A 2010 Hukumar Kula da Ingancin Abinci ta Turai ta yanke cewa haɗarin tsutsa a salmon da aka raina a keji da abincin kamfani bai taka kara ya karya ba. Wani babban bincike da aka wallafa a 2016, wanda ya duba salmon fiye da 4,000 daga gonakin Norway, bai sami tsutsar a kifin da ya kai a sayar ba.

A kan haka dokoki suka sassauta. Ƙa'idar Tarayyar Turai ita ce a daskarar da kifin da za a ci ɗanye a digiri 20 ƙasa da sifili na sa'o'i 24, ko a digiri 35 ƙasa da sifili na sa'o'i 15. Gyaran da aka yi wa dokar a 2011 ya ɗauke wannan wajibci daga kifin kiwo, amma da sharaɗi: a ce tun daga ƙwai aka raine shi, abincinsa duka wanda ba zai iya ɗaukar tsutsa mai rai ba ne, sannan ko dai ruwansa ba shi da tsutsa ko kuma mai gonar ya tabbatar da haka ta hanyar da hukuma ta amince. Amurka ta fi tsauri wajen sanyi, tana neman kwana 7 a digiri 20 ƙasa da sifili, ita ma ta sassauta wa kifin da aka ciyar da abincin kamfani, tare da neman gidan abinci ya riƙe takardar shaida daga dillali na kwana 90. Abin lura shi ne babu ɗaya daga cikin dokokin biyu da ta yafe wa kifi don kawai an raine shi a keji. Yadda aka raine shi suka duba.

Inda hujjar ta tsaya

Gonakin teku ba iri ɗaya ba ne, kuma Japan kanta ta isa misali. Kiwon hamachi ya fara a 1928 a hannun Noami Wasaburo a Hiketa da ke Kagawa, amma har yau yawancin kifin buri da hamachi na kiwo 'ya'yan teku ne. A watannin Maris zuwa Mayu ake kamo ƙananansu, waɗanda ake kira mojako, daga ƙarƙashin ciyawar da ke yawo a kan ruwa a gaɓar Kyushu da Shikoku, sannan a zuba su a keji. Da yake ana kamo su suna ƙanana ƙwarai, samun tsutsa a cikinsu abu ne mai wuya, amma ba su cika sharaɗin reno daga ƙwai ba. Madai kuwa, wanda lardin Ehime ya fi kowa nomansa, kusan duka daga maƙyanƙyasa yake fitowa. Kifin tuna mai shuɗin fiffike yana can ɗaya gefen. Jami'ar Kindai ta shafe shekara 32, daga 1970 zuwa 2002, kafin ta iya rufe zagayen rayuwarsa daga ƙwai zuwa ƙwai a tasharta ta Kushimoto, kuma duk da wannan nasara mafi yawan tuna na keji kamo shi ake yi. A tekun Bahar Rum manya ake kewayewa da raga a jawo su keji, a yi musu kiwon turke na 'yan watanni da sadin da makarel. Irin wannan kifi ya riga ya yi shekaru yana farauta kafin ya ga keji, kuma abin da ya haɗiya a can yana nan tare da shi.

Abin da ya faru a Japan a 2005 ya nuna cewa wannan ba zato ba ne. An sami Anisakis a kifin kanpachi na kiwo da aka shigo da matasansu daga Sin, inda aka fara renonsu da ɗanyen kifi, har hukuma ta umarci a daskarar da su kafin a sayar. Gonakin Japan da suka ƙarasa renon ba su yi wani laifi a ciyarwarsu ba. Cutar ta shigo ne tun kafin kifin ya iso hannunsu. Haka nan a Norway an sami tsutsar a tsumburarrun salmon, waɗanda suka ƙi abincin kamfani suka koma cin abin da ya ratso raga. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kejin raga kuma ba ya hana kiril da ƙananan kifi shigowa. Abin da ke tsare mai saye shi ne ƙoshin kifin da kuma tace tsumburarrun da ake yi a mayanka. Nazarin da hukumar Turai ta sake yi a 2024 ya raba gardama bisa nau'i: ba a ga tsutsar da ke kama mutum a salmon da turbot da halibut da sibirim na kiwo ba, amma an gan ta a sibas da kod da tuna da aka raina a buɗaɗɗen keji.

Akwai kuma misalin da ya fi waɗannan tayar da hankali, domin shi a gonar ya fi bayyana. Shekaru da dama Japanawa suna fama da amai da gudawa 'yan sa'o'i bayan cin sashimin kifin hirame, ba a san dalili ba. A 2010 aka bayyana wata ƙwayar halitta mai suna Kudoa septempunctata a hirame na kiwo da aka shigo da shi daga Koriya ta Kudu, a shekarar kuma mutum fiye da 100 suka kwanta a Ehime bayan cin hirame na kiwo. A 2011 ma'aikatar lafiya ta tabbatar ita ce sanadi. Ido ba ya ganinta, tsokar kifin ba ta canza kama, kuma ta ruwa take shiga, saboda haka tsabtar abinci ba ta hana ta. Sa'o'i 4 a digiri 20 ƙasa da sifili suna kashe ta, amma hirame kifi ne da ake so saboda taurin tsokarsa idan aka yanka shi siriri, daskarewa kuma tana rage wannan. Mafitar da aka bi ita ce a koma gona: a gwada 'ya'yan kifi kafin a saye su, a tace ruwan reno da yashi ko a haska shi da hasken da ke kashe ƙwayoyi, a gwada kifi kafin ya bar gona, a hana sayar da duk wanda ƙwayar ta wuce miliyan 1 a kowane giram na tsokarsa. A ganina wannan shi ne darasin da ya fi kowane daraja a tarihin nan, domin ya nuna cewa kiwo yana rufe wata ƙofa ya bar wata, kuma sai an san ƙofar kafin a rufe ta.

Abin da ya rage a hannun mai wuƙa

Ko kifi ya fito fes daga gona, ƙwayoyin cutar da ke ruwan teku suna manne a fatarsa da matsatsinsa. Vibrio parahaemolyticus, wadda Fujino Tsunesaburo ya gano bayan annobar Osaka ta 1950 da ta kama mutum 272 ta kashe 20, tana ninkuwa cikin mintuna kaɗan idan aka yi zafi, kuma ba ta tambayar ko kifi na kiwo ne. Japan ta karya lagonta da ƙa'idojin 2001: a wanke kifi da ruwan sha ko ruwan tekun da aka tsabtace, a ajiye shi a digiri 10 ko ƙasa, kada ƙwayar ta wuce 100 a giram. Sai histamin, gubar da ke taruwa a tuna da makarel da buri idan aka bar su a ɗumi, mai jawo borin jini da ciwon kai, wadda dahuwa da daskarewa duk ba sa rusa ta. Shi ya sa ake raba katakon fiɗa da na yanka, a cire kayan ciki da wuri, a goge wuƙar yanagiba tsakanin kifi da kifi, a kuma tabbatar tsamin shinkafar ya isa hana ƙwayoyi girma.

A nan ne kuma kiwo yake da wata falala da ba a cika ambata ba, wato ikon zaɓar ranar mutuwar kifi da yadda zai mutu. Ana hana shi abinci na 'yan kwanaki don cikinsa ya zama fayau, a ɗauko shi ba tare da ya wahala ba, a soke ƙwaƙwalwarsa, a yanke jijiyar matsatsi jini ya tsiyaye, a zura waya cikin ƙashin baya a kashe lakar. Wannan shi ne ikejime. Kifin da ya yi ta fizge-fizge a raga yana ƙone sinadarin kuzarin tsokarsa, ya sandare da wuri, a tuna ma har tsokar ta yi fari-fari kamar an ƙona ta. Wanda aka kashe nan take yana jinkirta sandarewa, sinadarin kuma ya riƙa juyewa a hankali zuwa inosinat, wanda shi ne ke ba sashimi ɗanɗanonsa. Masunci a tsakiyar teku ba kullum yake samun wannan sarari ba, mai gona kuwa yana da shi a kowace safiya.

Ƙorafe-ƙorafe

Wani zai ce duk wannan dogon bincike wahala ce: a daskarar da kowane kifi a huta, tunda Holan ta yi haka da herin a 1968 cutar ta kusa ɓacewa. Wannan ƙorafi yana da nauyi, kuma inda ba a san tarihin kifi ba, ni ma shi nake goyon baya ba tare da jinkiri ba. Amma a sani cewa firizar gida ba ta da tabbacin kai tsakiyar tsoka ga sanyin da doka ta faɗa. Tuna yana yin baƙi a digiri 20 ƙasa da sifili, shi ya sa ake ajiye shi a digiri 60 ƙasa da sifili, sanyin da ƙaramin gidan abinci ba ya da injinsa. Jan ɓangaren tsokar buri yana dafewa da sauri bayan narkewa. Kuma daskarewa ba ta taɓa histamin ba, ba ta da tabbas a kan Vibrio. Dokar da ta ce a daskarar da komai tana iya sa mai girki ya saki jiki a kan abin da sanyi ba ya magani, sannan ta cire wa manomi kwaɗayin gyara gonarsa. Makarel misali ne: kifi ne da ya yi ƙaurin suna wajen tsutsa, amma birnin Karatsu da Jami'ar Kyushu sun raine shi daga ƙwai, a Tottori kuma ana renonsa a tudu da ruwan tekun da ake jawowa daga ƙarƙashin ƙasa, duka biyun don a ci shi ɗanye. Da kowa daskarewa zai yi, babu wanda zai kashe kuɗi a wannan aiki.

Wani kuma zai ce idon gwani ya wadatar, tunda Japan ba ta tilasta daskarewa ba. Alƙaluman Japan ɗin ne ke ba shi amsa: ƙasar da ta fi kowa ƙwararrun masu wuƙa ita ce ke da dubban masu ciwon a shekara, kuma Kudoa babu idon da zai gan ta. Masu cewa kifin kiwo cike yake da magani suna da gaskiya a wasu wurare. Norway ta yi amfani da kusan tan 50 na maganin kashe ƙwayoyin cuta a 1987, allurar rigakafin kifi ta sauko da shi da kusan kashi 99 cikin ɗari duk da noman ya ninka sau da yawa, alhali Chile har yanzu tana amfani da mai yawa. Bambancin ƙasashen biyu yana ƙara ƙarfafa matsayin wannan maƙala ne, domin shi ma ba a gane shi sai an san gonar.

Batun ya shafe mu ta fuska guda. Gidajen abinci a Legas da Abuja suna sayar da sushi da kifin da aka shigo da shi, kuma tsadarsa na iya jan wani ya gwada da abin da muke kiwo, wato tarwaɗa da karfasa. Duk hujjar da ta gabata a kan kifin ruwan gishiri take. Singafo ta hana sayar da kifin ruwan daɗi don a ci ɗanye a Disamban 2015 bayan ɓarkewar cutar Streptococcus da ta shiga jini da ƙwaƙwalwar waɗanda suka ci shi, a arewa maso gabashin Tailan kuma tsutsar hanta ta ɗanyen kifin kogi tana jawo kansar bututun matsarmama. Ga yawan ɗaukewar lantarki, wanda ke katse sanyin da amincin ko salmon na Norway ya dogara a kansa.

Don haka kirana ga hukumomin abinci da masu shigo da kifi da masu gidajen abinci shi ne kada a ɗauke wa kifi daskarewa sai takarda ta biyo shi daga gona, tana faɗin nau'insa, ko daga ƙwai aka raine shi ko kamo shi aka yi, me ya ci tun yana ƙarami, a wane irin ruwa, da ranar da aka yanka shi da sanyin da ya zauna a ciki har ya iso. Kifin da ya zo ba tare da ita ba, a daskarar da shi bisa ƙa'ida ko a dafa shi.